Ƴan daban Ingila a tsofaffin finafinai: amsoshin tambayoyin da suka ishe ni

Waɗanne finafinai ne?

Na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu nuna kangararrun samari. The Blue Lamp na 1950, Cosh Boy na 1953, Violent Playground na 1958. A na farkon ne ɗan wasa Dirk Bogarde ya harbe ɗan sanda.

Akwai baƙaƙen fata cikin ƴan daban?

Kusan babu. Ƴaƴan talakawan Turawa ne.

Ashe babu baƙar fata a Ingila a lokacin?

Haba! Jirgin Empire Windrush fa ya sauke mutanen Karibiyan tun 1948, kuma Libaful da Kadif sun daɗe da baƙaƙen fata kafin nan. Masu fim ne suka kau da kai.

Ina son nuna wa ɗalibaina guda ɗaya, wanne zan ɗauka?

To, ya danganta da abin da kike nema, Malama. In ƴan daba zalla ne, Violent Playground. A Libaful aka shirya shi, har da wa da ƙanwa ƴan asalin Sin, sai dai aikinsu a labarin shi ne shan azaba a hannun samarin unguwa. In kuwa launin fata ne gabanki, ƙila Sapphire na 1959 ya fi, duk da cewa binciken kisan kai ne. Ya fito shekara guda bayan ƴan Teddy Boys, wasu gungun samarin Turawa, sun far wa baƙaƙen fata a unguwar Notting Hill ta Landan. Ɗan wasa baƙar fata Earl Cameron ya fito a likita, wan yarinyar da aka kashe, wadda hasken fatarta ya sa ake ɗaukarta Baturiya, kuma makashin daga gidan Turawa ya fito. Amma ki fara kallonsa ke kaɗai. Da niyyar sukar wariya aka yi shi, sai ga shi yana nuna wai ko baƙar fata ya saje da Turawa, da jin ganga ƙafarsa za ta tona asirinsa. Ɗalibai za su ji haushi, kuma da gaskiyarsu. Kada ki damu, muhawarar daga nan za ta tashi. In ƙanana ne dai, ki dakata tukuna.

Mata fa?

Akwai Good-Time Girl na 1948. Yarinya ta lalace, an mai da ita abin wa'azi.

Basil Dearden, daraktan The Blue Lamp da Violent Playground da Sapphire, gwarzo ne ke nan?

Ku daina nema masa rawani. Shi ya ba Cameron babban matsayi a Pool of London a 1951, na yarda. Amma a Sapphire ma ta idon ƴan sanda Turawa ake kallon kowa.