Bashin hayar lokacin korona: an hana kora, amma wa ya yafe kuɗin?

Har yau in aka zauna majalisa maganar haya ta taso sai ka ji wani ya ce ai lokacin korona gwamnati ta yafe ma 'yan haya kuɗin haya, masu gidaje ne kawai suka yi kunnen ƙashi. Wani kuma ya ce a'a, ƙasashen Turawa ne aka yafe, mu nan aka bar mu da halinmu. To duka biyun ba haka zancen yake ba, kuma tunda rigimar bashin wancan lokacin ba ta gama mutuwa ba tsakanin wasu masu gida da 'yan hayarsu, gara mu buɗe maganar kowa ya san inda ya tsaya.

Abin da aka yi a waje shi ne dakatar da korar ɗan haya na wani lokaci. Kora aka hana. Kuɗin kuwa yana nan yana taruwa wata bayan wata, ba wanda ya goge ko sisi.

Mu ɗauki Amurka tunda ita aka fi kafa hujja da ita. Ranar 27 ga Maris 2020 aka sa hannu a wata babbar dokar tallafi da ake ce ma CARES, a cikinta aka hana korar 'yan haya na kwana 120, amma fa ba kowane gida ba, sai gidajen da gwamnatin tarayya ke da hannu a bashin da aka saye su da shi ko take tallafa ma hayarsu. Da wannan wa'adin ya ƙare sai hukumarsu ta yaƙi da cututtuka, CDC, ta fito da nata umarnin ranar 4 ga Satumba 2020, hujjarta ita ce in ka kori mutum zai je ya cusu gidan 'yan uwa ko sansanin marasa matsuguni, cuta ta ƙara bazuwa. Kuma ba haka kawai ɗan haya zai miƙe ƙafa ya ce doka ta kare shi ba, sai ya cike takardar rantsuwa ya ba mai gida, ya ce abin da yake samu a shekara bai wuce dala 99,000 ba, ko 198,000 in shi da matarshi ne suke haɗa lissafin haraji, ya ce samunshi ya karye, ya nemi tallafin gwamnati iya ƙoƙarinshi, yana biyan abin da ya samu ko da kaɗan ne, kuma in aka fitar da shi ba ya da wurin zuwa. In ya yi ƙarya a takardar nan laifi ne. Mai gidan da ya take umarnin shi ma tara ce ke jiranshi har dala 100,000 ko ɗaurin shekara guda. Duk da haka wanda ke aikata laifi a gidan ko yake lalata ginin ko yake barazana ga lafiyar maƙwabta, wannan an bar ƙofar korarshi a buɗe.

Masu gidaje ba su yi shiru ba, suka yi ta kai ƙara suna cewa ta yaya za a ɗora mana nauyin annoba mu kaɗai alhali banki na jiran nashi, haraji na jira, gyara na jira. Aka yi ta ƙara wa'adi har ƙarshen Yulin 2021, aka sake fito da wani sabo farkon Agusta, sai Kotun Ƙoli ta soke shi ranar 26 ga Agusta 2021, alƙalai 6 suka rinjayi 3, suka ce hukumar lafiya ba ta da wannan hurumin, in ana son irin wannan doka to majalisa ce za ta yi. Abin da ya ɗan sanyaya ran masu gida shi ne kuɗin da majalisar ta ware don biyan bashin haya, dala biliyan 25 a Disambar 2020, sannan wajen biliyan 21 da rabi a Maris 2021, duk da kuɗin sun yi ta jan ƙafa kafin su kai hannun mutane. Ka ga ko a can ɗin ma biya aka yi, gwamnati ce ta sa hannu a aljihu.

Ingila ma kusan haka ne, an tsayar da shari'un karɓe gida daga ƙarshen Maris zuwa Satumbar 2020, an tsawaita notis zuwa wata 3 daga baya wata 6, ma'aikatan kotu masu fitar da kaya ba su dawo aiki sosai ba sai bayan Mayun 2021. Bashi dai na nan.

To mu dawo gida. A Najeriya gwamnatin tarayya ba ta yi wata doka da ta hana korar ɗan haya saboda korona ba, ba ta kuma yafe haya ba, dama maganar haya harka ce ta jihohi, kowace jiha da dokarta. Abin da muka gani shi ne kulle. Shugaba Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris 2020, mu nan jihar Katsina kuma Daura ce ta fara shan kulle a watan Afrilu bayan cutar ta ɓulla can, Gwamna Masari ya ce kowa ya zauna gida, daga baya abin ya iso cikin birnin Katsina da wasu ƙananan hukumomi. Ga boda dama a rufe tun Agustan 2019, mutanen Jibiya da Kongolam da duk mai ci daga wannan hanyar sun riga sun jigata kafin ma korona ta zo. Ga makarantu a rufe, ga ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta shiga yajin aiki daga Maris har Disambar 2020, duk mai ɗakunan ɗalibai ya san abin da ya gani, ɗaki a kulle da kwaɗo, katifa da risho da bokiti a ciki, ɗalibin yana garinsu, haya ta ƙare, waya kuma in ka kira sai a ce maka a kashe take.

Abin da ya yi kama da dakatar da kora a nan shi ne rufe kotuna. Alƙalin Alƙalai na lokacin, Ibrahim Tanko Muhammad, ya ba da umarnin dakatar da zaman kotu daga 24 ga Maris 2020 in ban da shari'un gaggawa. Tunda kuwa ba a fitar da ɗan haya bisa doka sai da umarnin kotu, to rufe kotun ya ɗaure hannun mai gida ko da ba wanda ya rubuta cewa an hana kora. Sai kuma a 2021 ma'aikatan kotu suka tafi nasu yajin aikin daga Afrilu zuwa Yuni, aka ƙara wani zaman jiran.

Nan ne fa da yawan masu gida suka ɓata rawarsu da tsalle. Ɗan haya ya ƙi biya, kotu a rufe, rai ya ɓaci, sai mutum ya kira kafinta ya hau sama ya ɓalle kwano biyu daidai saitin gado ana shirin shiga damina, ko ya cire ƙyauren ɗaki ya tafi da shi, ko ya yanke wayar wuta, ya sa kwaɗo a banɗaki da rijiya, ko ya jira mutum ya fita kasuwa ya watso mashi kaya tsakar gida matarshi na kallo da goyo. Wallahi duk wannan doka ba ta yarda da shi ba, da korona da babu korona, ko da kuwa shekara biyu kake bin shi. Gidanka ne, ba wanda ya musa, amma tunda ka karɓi kuɗi ka ba da makulli to zaman wurin ya zama haƙƙinshi har sai ya fita da kanshi ko alƙali ya fitar da shi. Kotun Ƙoli ta daɗe da yanke wannan maganar ta ɗaukar doka a hannu, a 1986 ma gwamnatin sojan Legas da kanta ta sha faɗa a kai lokacin da ta fitar da Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin tsiya alhali magana na gaban kotu. In gwamna mai bindiga bai tsira ba ina ga Alhaji mai gida ɗaki shida a Sabuwar Unguwa. Ƙarshenta kai da kake bin bashi kai za a ce ka biya diyyar kayan da ruwa ya jiƙa, wani lokacin ma diyyar ta fi bashin.

Kai mutum ofishin 'yan sanda ma ba hanya ba ce, duk da kowa ya san ana yi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum kan rigimar da ba ta laifi ba ko saɓa yarjejeniya, bashin haya kuwa nan ya faɗo.

Hanyar da doka ta sani doguwa ce amma a fili take. Farko a duba takardar yarjejeniya in akwai, abin da kuka rubuta game da notis shi ke aiki. In babu, abin da aka saba a dokokin jihohi shi ne mai biya mako-mako notis ɗin mako guda, mai biyan wata-wata wata guda, mai biyan wata uku-uku wata 3, mai biyan shekara kuma wata 6. In wa'adin ya cika bai tashi ba sai a ƙara mashi wani na kwana 7 wanda ke sanar da shi cewa mai gida zai tafi kotu neman gidanshi, sannan a shigar da ƙara. Notis ɗin a rubuce, da suna da kwanan wata da bayanin gidan, a ba shi hannu da hannu gaban shaida, in yana ɓuya a liƙa a ƙofa a ɗauki hoto. Saƙon baki ta hannun dillali ko "ka faɗa ma maigidanki ya nemi wuri" ba notis ba ne. A ƙarar kuma kana iya haɗa abu biyu, bashin da ya taru kafin hayar ta ƙare, da kuɗin zaman da ya ci gaba da yi bayan ta ƙare har ranar da ya miƙa makulli. Kuma ba dole sai ka nemi kora ba, kana iya ƙarar kuɗinka kawai ya ci gaba da zama, mutane da yawa ba su san wannan ba.

Ni a ganina inda muka bambanta da Turawan nan shi ne su wata-wata suke biya, shi ya sa wata guda da kulle bashi ya fara hawa. Mu kuwa yawanci shekara ake biya gaba ɗaya tun farko, don haka wanda ya biya a Janairun 2020 bai ji komai ba ta wannan fannin, wanda tashi ta ƙare a Afrilu ko Mayu ana tsakiyar kulle ga azumi ga salla shi ne ya shiga uku. Sannan mai gidan namu sau da yawa ba wani kamfani ba ne, tsohon malamin firamare ne da ya zuba giratutinshi a ɗakuna huɗu, ko gwauruwa da marayu da gidan gado, hayar nan ita ce buhun geronsu. Shi ya sa nake ganin duk mai cewa a kwaiko dokar hana kora a kawo nan in wata annoba ta zo, Allah ya kiyaye, to ya fara faɗa mana wa zai biya, don in ba asusun biya a gefe to an ɗauke yunwa ne daga wani ɗaki an kai wani ɗaki a gida ɗaya.

Da yawanmu kuma ba ma kotun majistare muke nufa ba, wurin mai unguwa ake farawa ko limamin unguwa, in ta ƙi a tafi kotun shari'ar Musulunci. A can ma hukuncin bai yi nisa da wannan ba, haya ciniki ne na amfani, wanda ya zauna a gida kuɗi ya hau kanshi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce wanda ke cikin ƙunci a jinkirta mashi har ya samu sauƙi, in an yafe kuma ya fi alheri, to jinkirin umarni ne, yafewar kuwa zaɓin mai haƙƙi ce ba wanda zai ƙwace ta da ƙarfi. Ga kuma hadisin da ya ce jan rai da biyan bashi daga mai hali zalunci ne. Don haka ɗan hayar da albashinshi bai tsaya ba ko wata guda lokacin kulle amma ya laɓe bayan korona, wannan ba ya cikin masu uzuri, kowa ma ya san irinsu, sabon mashin a ƙofar gida amma in ka yi maganar haya sai ya ce Alhaji ka san halin da ake ciki.

Wanda ke cikin ƙuncin gaske kuwa, abin da ya fi kawo kuɗi a aikace sulhu ne a rubuce. A ce kana bin shi naira dubu 120 na shekara, ku zauna da shaidu biyu a rubuta jimillar, a rubuta zai riƙa kawo dubu 15 duk ƙarshen wata ban da sabuwar haya, a rubuta abin da zai faru in ya tsallake wata biyu a jere, kowa ya sa hannu kowa ya riƙe kwafi. Duk abin da ya kawo ko dubu biyar ce ka yanka mashi risit ka rubuta a jiki cewa wannan na bashin shekara kaza ne, in taransifa ya yi kar ka goge alat ɗin. In za ka yafe wani ɓangare shi ma a rubuta nawa ne, don gobe magada ba su san an yi ba, kuma su ba su da kunyar da kake ji.

Takardar nan tana da wani amfanin da ba a cika lura da shi ba. Bashi yana da wa'adin kai ƙara a kotunan da ke bin dokar boko, a jihohi da dama shekara 5 ne ko 6 daga ranar da ya kamata a biya, in ya wuce alƙali na iya ƙin sauraronka ko da gaskiyarka. Amma in wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, lissafin yakan koma farko daga wannan ranar. To duk mai bin hayar 2020 ko 2021 da yake ta cewa bari dai a ƙara mashi lokaci, ya ƙirga shekarun da yatsunshi, ya ɗauki littafin risit ɗinshi da duk saƙonnin da suka yi a waya ya je wurin lauya a duba mashi wa'adin da dokar jiharmu ta yanka.