Yadda ake gane shekarar da aka ƙera tsohuwar Beetle kafin a saya mata kayan lantarki

Takardun mota sun nuna shekararta. Me ya sa ba za a dogara da su ba?

Shekarar da ke kan takarda sau da yawa ita ce shekarar da aka yi wa motar rajista, ko aka shigo da ita ƙasa. Kamfanin Volkswagen a Jamus kuma yana da nasa lissafin: a zamanin Beetle, sabuwar shekarar ƙira tana farawa ne a watan Agusta. Beetle da ta fito daga masana'anta a watan Yuni na 1966 da wadda ta fito a watan Oktoba na 1966 duk 'yan 1966 ne a kalanda, amma ta farko ƙirar 1966 ce, ta biyu ƙirar 1967. Wannan ratar ta wata huɗu tana iya zama bambanci tsakanin mota mai volt 6 da mai volt 12.

To ina ake samun ainihin shekarar?

A lambar shasi. Ɗaga kujerar baya, za ka ga lambar a buge a jikin ƙarfen da ya ratsa tsakiyar motar. Akwai kuma ƙaramin faranti a gaba, bayan tayar safaya. Ka gwada su biyun. Idan ba su zo ɗaya ba, an taɓa ɗora wani jiki a kan wani shasi, abin da ba shi da wuya a Beetle tunda ƙusoshi ne suka haɗa su.

Daga Agusta 1964 lambar ta koma mai sauƙin karantawa. Biyun farko nau'in motar ne, 11 ga Beetle ta yau da kullum, 15 ga mai rufin da ake naɗewa. Ta uku ita ce shekarar ƙira. Mai farawa da 115 ƙirar 1965 ce, 117 kuwa ta 1967. Daga ƙirar 1970 lambobin suka zama goma maimakon tara, kuma da wannan ake raba 115 ta 1965 da 115 ta 1975: ƙirga su kawai.

Wannan tsari ya shafi kowace Beetle?

Na ƙirar Jamus ne. Waɗanda aka ƙera a Brazil suna da nasu tsarin mai farawa da haruffa. Mai Beetle a Najeriya ya lura da wannan sosai, don kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa motar a Legas a 1975, kuma abin da ya dace da ƙirar Jamus ba lallai ya dace da ita ba.

Me ya canza da aka koma volt 12?

Nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Motocin da aka kai Amurka sun koma volt 12 daga ƙirar 1967, amma a Turai ƙaramar 1200 ta ci gaba da volt 6 har cikin shekarun 1970. Kenan bayan shekara sai a san ƙasar da aka yi motar dominta.

Canjin bai tsaya a batir ba. Kwan fitila, kwil, hon, injin waifa da filasha duk sun bambanta. Kwan volt 6 a kan volt 12 nan take zai ƙone, na volt 12 a kan volt 6 kuwa sai ja-ja kamar garwashi. Dainamon volt 6 kaurinsa milimita 90 ne, na volt 12 kuma 105, don haka mazauninsu ma ba ɗaya ba ne. Regileta, mai daidaita wutar caji, da ke zaune a kan dainamo ta koma ƙarƙashin kujerar baya.

Wanda ya fi ɓata rai shi ne kik. Filawil, wato faifan ƙarfe mai haƙora da kik ke juyawa don tayar da inji, na volt 6 haƙoransa 109, na volt 12 kuma 130. Idan aka sa kik ɗin da haƙoransa ba su dace da filawil ba, za a ji ƙara, haƙoran su ci juna, gyaran kuma sai an sauke inji. Ina ganin babu wanda ya kamata ya biya kuɗin kik ɗin Beetle bai tabbatar da filawil ɗin da ke ciki ba.

Idan lambar shasi ta ce volt 6, shi ke nan?

Motar da ta haura shekara hamsin ta ratsa hannun makanikai da masu wayarin da yawa. Da yawa an mayar da su volt 12, wasu kuma rabi da rabi: an canza dainamo da kwil da fitilu, an bar filawil da kik na asali, domin kik ɗin volt 6 yana jure volt 12 idan ba a daɗe ana murza makulli ba. Wannan motar, batirinta na cewa 12, amma kik ɗin da za ka saya mata dole haƙoransa su hau filawil mai 109.

Sai a duba lambar inji, tana ƙasan mazaunin dainamo. Harafin farko yana faɗin girmansa: D na 1200 ne, F na 1300, H na 1500. Idan injin ya girmi motar ko motar ta girme shi, bi injin wajen sayen abin da ke jikinsa, bi shasi wajen wayoyi da akwatin fiyus da makunnan gaban direba.

Me zan riƙe idan zan je wurin mai safaya?

Lambar shasi, lambar inji, da tsohon kayan a hannu. Kayan Bosch suna da lamba goma a buge a jiki, na Volkswagen kuma lamba tara, wani lokaci da harafi a ƙarshe. Kada a yar da harafin nan wajen kwafa, domin shi ke nuna an sauya fasalin kayan, kuma kaya biyu masu lamba tara iri ɗaya suna iya ƙin hawa wuri ɗaya saboda shi.