Shin kiwo da hawan doki kaɗai suna raba mutum da shaye-shaye?

An daɗe ana cewa idan aka haɗa mai shaye-shaye da kiwo ko hawan doki, shi ke nan ya warke. Masu faɗin haka suna da dalilinsu. Dabba ba ta san uzuri ba: kullum sai an ba ta abinci da ruwa, kuma wannan yana maido wa mutum tsarin yini da jin cewa ana bukatarsa. Doki kuwa yana saurin gane fargaba ko fushi a jikin mahayi, dole mutum ya koyi natsuwa.

Amma wannan tallafi ne, ba ya maye gurbin magani. Shaye-shaye yana sauya aikin ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayoyin sa barci, in ya bari farat ɗaya, yana iya kamuwa da jijjiga mai haɗari ga rai. Wannan aikin likita ne.

In an tallata muku irin wannan shiri, ku tambaya: akwai likita da mai ba da shawara a ciki? Ana bibiyar waɗanda suka kammala bayan watanni?

Don Allah ku tura wa wasu wannan bayani, musamman iyalan da ke jinyar nasu.