Jihohin Najeriya: tambayoyin da jikokin fatake ke yi a zangon Kumasi

A Aboabo da Asawase da Sabon Zango, gidaje da yawa na riƙe da sunan garin da kakansu ya baro a zamanin fataucin goro. Sai dai taswirar da ya sani ba ita ce ta yau ba, kuma nan ne masu neman dangi ke yin ɓatan kai.

Jihohi nawa ne, kuma yaushe aka yanka su?

Jihohi 36 ne, da babban birnin tarayya Abuja, sai ƙananan hukumomi 774 a ƙarƙashinsu. Lokacin samun 'yancin kai a 1960 yankuna uku ne kacal: Arewa, Yamma da Gabas, aka ƙara na Tsakiyar Yamma a 1963. Ranar 27 ga Mayu 1967, ana dab da yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya rushe yankunan ya kafa jihohi 12, shida a Arewa shida a Kudu, don kwantar da hankalin ƙananan ƙabilu da kuma rage ƙarfin masu shirin ɓallewa a Gabas. Murtala Muhammad ya mai da su 19 a 1976, Babangida ya kai su 21 a 1987 sannan 30 a 1991, Abacha ya cike 36 a 1996. Duk sojoji ne. Tun daga nan ba a ƙara ko ɗaya ba, domin sharuɗɗan tsarin mulkin 1999 na da tsauri ƙwarai.

Kakana ya ce shi Bakano ne. In na isa Kano zan samu danginmu?

Ba lallai ba. Tsohon lardin Kano ya haɗa da ƙasar da aka cire a 1991 aka kira ta Jigawa, mai hedikwata a Dutse. Wanda asalinsa Haɗeja ne ko Gumel ko Kazaure ko Ringim ko Birnin Kudu, yau ɗan Jigawa ne. Haka abin yake a Sakkwato: Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri da Jega sun koma jihar Kebbi a 1991, Gusau da Ƙauran Namoda da Anka da Talatar Mafara suka zama Zamfara a 1996. Katsina da Daura kuwa suna cikin jihar Kaduna har 1987, amma Zariya tana nan a Kaduna har gobe.

Akwai ma inda zancen ya tsallake iyakar ƙasa. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya soma a 1804, sarakunan Haɓe na Katsina sun kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri, duka biyun yanzu a Jamhuriyar Nijar suke. Don haka dattijon da ya ce shi Bakatsine ne ko Bagobiri, mai yiwuwa gidansu ba ya cikin Najeriya sam.

Kafin a sayi tikiti a zauna da tsofaffin gida, musamman mata, don su ne suka fi riƙe salsala. A samo sunan gari ko ƙauye, sunan unguwa, sunan mahaifin kakan da sana'ar gidansu, ko marina ne ko maƙera ko malamai. In akwai tsagar gado a fuska a kwatanta ta, tana nuna hanya. Da an sauka a nemi mai unguwa, shi zai miƙa mutum ga dagaci, dagaci ga hakimi. Abin da ya fi ɓata tafiya shi ne zuwa da sunan "Kano" kawai, alhali jihar ƙananan hukumomi 44 gare ta, Jigawa kuma 27.

Jiha daidai take da yanki irin na Ashanti?

A'a. Gana na da yankuna 16 tun bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disamba 2018, kuma shugaban ƙasa ne ke naɗa ministan kowane yanki. A Najeriya talakawa ke zaɓen gwamna na shekara huɗu, ba ya wuce wa'adi biyu. Kowace jiha na da majalisar dokoki da kotuna da kasafin kuɗinta, tana kuma tura sanatoci uku Abuja komai ƙanƙantarta. Wannan iko ne ya ba Zamfara damar shelar faɗaɗa shari'ar Musulunci a 1999, jihohi 11 suka biyo baya. Soja da kwastan da shige da fice na tarayya ne. Yawancin jihohi kuma da kason wata-wata daga asusun tarayya suke biyan albashi, masu arzikin mai na karɓar ƙarin kashi 13 cikin ɗari.

To ina matsayin sarakuna?

Nan ne mutumin Kumasi ya fi mamaki. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana majalisa ba wata hukuma ikon amincewa da sarki ko janye amincewar, shi ya sa babu ministan da zai taɓa kujerar Asantehene, sarkin Ashanti. A Najeriya gwamna ke ba sarki sanda, yana kuma iya tuɓe shi. A 2019 Gwamna Ganduje ya raba masarautar Kano gida biyar, ya sauke Sarki Muhammadu Sanusi II a Maris 2020, sai Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soke dokar rabon masarautar ya mai da Sanusi kan karaga a Mayu 2024. Abin takaici ne ganin sarauta mai ɗaruruwan shekaru tana juyawa da sauyin gwamnati. A kuma lura, iyakar masarauta daban take da ta jiha: Kebbi na da masarautun Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru, Katsina na da Katsina da Daura.

Yaya girman ƙasar da yanayinta?

Najeriya ta kusa ninka Gana huɗu. Jihar Neja, wadda ta fi kowace faɗi, ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na Gana, Legas kuma ita ce mafi ƙanƙanta duk da cunkosonta. Mu a nan damina biyu muke gani a shekara. A Sakkwato da Katsina ɗaya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, shi ya sa gero da dawa da wake suka zama abincin ƙasar, goro kuwa sai an kawo daga kurmi. Mai zuwa a Disamba ko Janairu ya riƙe rigar sanyi saboda hunturu, a Afrilu kuma zafi kan haura digiri 40.

Wace hanya ake bi ta mota?

Daga Aflao, garin da ke iyakar Gana da Togo, a ratsa Togo da Benin a shiga ta Seme, wadda ke jihar Legas. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya bukatar biza na kwana 90, amma a riƙe fasfo da katin rigakafin zazzaɓin shawara. Daga Legas zuwa Kano tafiyar ta haura kilomita 1,000, motoci da yawa kan bi ta Ibadan, Lokoja, Abuja, Kaduna da Zariya. A tambayi direbobi a tasha halin tsaron hanya a ranar, musamman in Zamfara ko yammacin Katsina aka nufa, kuma a guji tafiyar dare.