Kafin a ɗaura garma: magana ga direbobin tarakta da yaransu

Da zarar ruwan farko ya sauka, kowa neman tarakta yake yi, direba kuma yana so ya gama gona biyar kafin azahar. A wannan gaggawar nake ganin abin da ke tayar mini da hankali: direba yana baya-baya, yaronsa na tsaye tsakanin taya da garma, riƙe da ƙusa yana cewa "zo kaɗan, oga, kaɗan". Ƙafa ta zame daga kan kuloci, sai dai labari. Wani ma yatsa yake zurawa a ramin ƙusar don ya ji ko ya daidaita. Na sha gaisawa da mutanen da hannunsu ya shaida haka.

Tsarin hannuwa uku na bayan tarakta, biyu a ƙasa ɗaya a sama, tun 1926 Harry Ferguson ya yi masa rajista a Birtaniya. Tsari ne mai kyau, amma ɗaura masa garma na bukatar mutum a ƙasa. Maƙalin gaggawa ya zo ne don ya fitar da mutumin nan daga wurin. Firam ne na ƙarfe mai ƙugiya uku da ake ɗaurawa a kan hannuwan sau ɗaya. Direba ya yi baya, ƙugiyoyin su shiga ƙarƙashin ƙusoshin garma ko haro, ya ɗaga haidirolik, makullan ƙugiyoyin su faɗa su riƙe ƙusoshin.

Sai dai a duba girma kafin a biya kuɗi. Tarakta da kayanta rukuni-rukuni ne bisa girma: kayan rukuni na ɗaya kaurin ƙusarsu ta ƙasa milimita 22 ne, na rukuni na biyu 28, kuma a na biyun ne Massey Ferguson 375 da ta cika gonakinmu take. Garmar da mai walda ya haɗa a gari sau da yawa tazarar ƙusoshinta ba ta bi ma'auni ba, ba za ta zauna ba sai an gyara. Kada a cike giɓin da ke tsakanin ƙusa da ƙugiya da waya ko guntun rodi, akwai zoben da aka yi don haka.

Firam ɗin yana tura kaya baya wajen santimita goma. Idan kayan na aiki da shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa da ke kai musu ƙarfi daga tarakta, a auna shi, don yana iya gajarta ya zare ana cikin aiki, alhali yana juyi 540 a minti ɗaya. Shaf ɗin dai da hannu ake ɗaura shi har yanzu, saboda haka a sauke kaya ƙasa, a ja burki, a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu. Mai babbar riga ko rawani ya tuɓe tukuna.

Bayan an ɗaga, direba ya sauko ya ga makullan biyu sun rufe da idonsa, kafin ya hau titin da yara ke bi zuwa makaranta.