Gobarar batirin litiyam a cikin gida

Gobarar batirin litiyam wuta ce da ke tashi daga cikin batir mai caji, irin wanda ke cikin wayar salula, kwamfutar tafi-da-gidanka, fawa banki, fitila da fanka masu caji, da sababbin batiran sola. Abin da ya raba ta da gobarar risho ko ta garwashi shi ne ba ta jiran ashana daga waje. Makamashi da zafin da zai kunna shi duk suna ƙunshe cikin batirin, kuma tsakanin hayaƙin farko da harshen wuta sau da yawa daƙiƙoƙi ne kawai.

Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da irin wannan batir kasuwa a 1991. A 2019 aka ba John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda aikin da suka yi wajen ƙirƙiro shi. Ya samu karɓuwa ne don yana ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin jiki marar nauyi, kuma daga nan haɗarinsa ya samo asali.

Yadda wutar ke tashi

A cikin kowace ƙwayar batir akwai falle biyu da aka naɗe tare kamar tabarma, ɗaya mai girafayit (baƙin abin nan da ke cikin fensir), ɗaya mai sinadarin litiyam haɗe da ƙarafa irin su kobal da nikel. Tsakaninsu akwai wata leda wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba, aikinta ta hana su taɓa juna. An jiƙa su duka da wani ruwan sinadari mai kamawa da wuta. Muddin ledar nan na nan lafiya, batir na aiki shekara da shekaru ba a ji kansa ba.

Idan ledar ta huje ko ta narke, fallayen biyu sai su haɗu, wutar da ke ajiye ta kwarara lokaci guda ta koma zafi. Ledar kan fara narkewa wajen digiri 130 na ma'aunin Salshiyos. Daga nan zafi ke haifar da zafi: sinadaran ciki su fara ruɓewa suna ƙara zafi, ruwan ya tafasa ya zama gas, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Zafin kan wuce digiri 600. Ƙwaya ɗaya in ta kama sai ta dafa ta kusa da ita, ita ma ta kama, shi ya sa ake jin fawa banki ko batirin kwamfuta na fashewa ɗaya bayan ɗaya kamar abin wasan wuta na yara. Falle mai litiyam ɗin ma yakan saki iskar oksijin idan ya yi zafi, don haka rufe batirin da bargo ba ya tsayar da abin da ke gudana a cikinsa.

Hayaƙin kansa guba ne. Yana ɗauke da kabon monokisayid da haidirojin fulorayid mai ƙona ido da huhu, ga kuma haidirojin da ke iya fashewa idan ya taru a rufaffen ɗaki. Farin hayaƙin da ke fita a farko yana kama da tururi, mutane kan matsa kusa su leƙa, alhali lokacin ne ya kamata a ja da baya.

Abin da ke lalata ledar ba ya wuce caji fiye da ƙima, zafi, bugu ko hudawa, sai kuma kuskuren masana'anta. Ƙwayar batirin waya tana cika ne a kusan bolt 4.2, kuma akwai ɗan allon lantarki da ke yanke caji idan ta kai nan. A manyan batira ana kiran wannan mai gadin BMS. Kayan arha sukan zo da shi marar inganci, wani lokaci ma babu shi. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 kimanin miliyan 2.5 a watan Satumban 2016, ya daina ƙera ta gaba ɗaya a Oktoba, bayan wasu sun yi ta kamawa da wuta. A Janairun 2013 an dakatar da tashin jiragen Boeing 787 saboda matsalar batir. A birnin Niyok na Amurka, hukumar kashe gobara ta ƙirga gobara 268 da mutuwar mutum 18 a 2023 sanadin waɗannan batira, akasari na kekuna da babura masu caji da ake shiga da su cikin gidaje.

A Katsina da Daura

Abin da ya fi tsananta haɗarin a wannan yanki shi ne lokacin da ake yin caji. Wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma sau da yawa cikin dare ake kawo ta. Da an ji yara sun yi ihun an kawo wuta, kowa ya lalubo cajarsa. Soket ɗaya mai baki huɗu zai ɗauki waya uku, fitila da fawa banki, a ajiye su kan katifar soso ko gefen filo, a saki gidan sauro, a kwanta. Soso na riƙe zafi, yana kuma cin wuta da sauri, gidan sauron roba kuwa narkewa yake ya manne wa fata. Ga ɗakin a rufe, tagar da ƙarafa.

Sai zafin gari. Masu ƙera batiran nan sukan ƙayyade a yi caji ƙasa da digiri 45. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a Katsina kan haura 40, ɗaki mai rufin kwano marar silin kuwa ya fi haka da azahar. Wayar da aka bari gaban gilashin mota a rana, ko fawa bankin da aka manta kan taga, sun riga sun kai iyaka tun kafin a saka musu caja.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da shaguna da yawa sun bar janareto sun koma sola, kuma batirin litiyam na maye gurbin tsohon batir mai ruwa. Yawancin batiran sola na kirki nau'in litiyam da ƙarfe da fosfet ne, wanda ake rubuta wa LiFePO4, kuma ya fi na waya juriyar zafi nesa ba kusa ba. Matsalar tana ga batiran haɗin gida. Ana kwance tsofaffin batiran kwamfuta, a ciro ƙwayoyin nan masu kama da yatsa da ake kira 18650, wato faɗin milimita 18 da tsawon 65, a jera su a liƙa da dalma, a naɗe da salatif a sayar. Wata ƙwayar ta shekara biyar tana aiki, wata biyu, ba su cika tare, ba su ƙarewa tare, mai raunin cikinsu ce ke shan wahala har ta yi zafi. Arharsa na ja, amma irin wannan batir bai cancanci kwana ɗaki ɗaya da mutane ba. Haka rumfunan masu cajin waya a bakin kasuwa da tasha, inda waya da yawa ke jere kan katako cikin rumfar langa-langa, galibi jarkar fetur na janareto na nan kusa.

Alamu da kariya

Batir kan ba da sanarwa. Bayan waya ya ɗaga, ko sikirin ya fara rabuwa da jikinta, ko a ajiye ta kan tebur ta riƙa lilo, to batirin ya kumbura. Akwai zafin da hannu ba ya iya jurewa, wari mai kama da na man goge farce, ko ƙarar tsiiii. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya daina caji. Al'adar ɗaure kumburarren batir da roba, ko huda shi da allura wai don iska ta fita, ganganci ne tsantsa, domin allurar na iya ratsa ledar nan ta ciki.

Wurin caji mafi dacewa shi ne daɓen siminti ko tayil, nesa da katifa, labule da tulin kaya, kuma ba a bakin ƙofar da za a fita ta nan ba. In dole ne a yi caji da dare, gara a tsakar gida ƙarƙashin rumfa ko a wani ɗakin da ba a kwana. A yi amfani da cajar da ta zo da kayan ko makamanciyarta mai inganci, a cire idan ya cika. Batirin sola da inbata a ba su wurinsu mai iska, a sa wanda ya san aikin ya haɗa su da fiyus, a saita inbatar daidai da nau'in batirin, don saitin batir mai ruwa bai dace da na litiyam ba.

Idan wuta ta tashi

Abu na farko a kashe wutar lantarki daga babban makunni in ana iya kaiwa gare shi. Ƙaramin abu kamar waya, da zarar an raba shi da lantarki, ana iya kwarara masa ruwa mai yawa, don ruwa na sanyaya ƙwayoyin da ba su kama ba tukuna. Yashi na tare harshen wuta daga bazuwa amma ba ya sanyaya ciki. Kada a ɗauka da hannu. Babban batir irin na sola ko na keke ya fi ƙarfin bokiti: a fitar da kowa, a ja ƙofa, a tsaya inda iska ba ta kaɗo hayaƙin, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112. Wanda ya shaƙi hayaƙin a kai shi asibiti ko da yana jin ya warware, domin illarsa ga huhu kan bayyana daga baya.

Batirin da aka kashe gobararsa yana iya sake kamawa bayan sa'o'i. A tura shi da shebur cikin bokitin ƙarfe mai yashi, a ajiye a fili nesa da ɗaki da rumbu. Mataccen batir ma ba a jefa shi juji, saboda ana cinna wa juji wuta kuma yara na tone-tone a wurin. A liƙe bakinsa da salatif, a ware shi daban, a miƙa wa mai gyara ko mai sayen tsofaffin kayan lantarki, a kuma faɗa masa cewa ya lalace.