Motar hot rod ta haɗin gida

Motar hot rod ta haɗin gida mota ce da ake sayen sassanta a warwatse daga kamfani, shasi daban, bodi daban, ƙananan ƙarafa a cikin kwalaye, mai ita ya harhaɗa ta da hannunsa a garejin gidansa. Siffarta ta motocin Amurka ce na shekarun 1920 da 1930, galibi ƙirar Ford, amma inji da birki da wayoyinta na zamani ne. A Amurka abin ya fi yaɗuwa, kuma sau da yawa aiki ne na iyali, inda uba da 'ya'ya, ko miji da mata, ke shafe ƙarshen mako a kansa har shekara ɗaya ko fiye.

Asali

Hot rod ta samo asali ne a kudancin jihar Kalifoniya a shekarun 1930. Samari kan sayi tsofaffin Ford Model T da Model A da araha, su cire marfin taya da rufi da duk abin da ke ƙara nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su tafi tsere a busassun tafkunan hamada irin su Muroc da El Mirage. A 1932 Ford ya fito da injin V8 mai silinda takwas da ƙarfin doki 65 a farashin da talaka zai iya, shi ya sa motar wannan shekara ta zama abin so har yau. An kafa ƙungiyar masu auna gudu ta SCTA a 1937. Bayan yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo gida da ƙwarewar walda da kanikanci, harkar ta bunƙasa: Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod a 1948, Wally Parks ya kafa ƙungiyar tseren hot rod ta ƙasa, NHRA, a 1951 don a kwashe tseren daga tituna a mai da shi filaye masu doka.

Sai tsofaffin bodi suka fara wuyar samu, masu kyau suka yi tsada, saura tsatsa ta cinye. Nan kamfanoni suka shiga zuba sababbi da faiba, wato zaren gilashi da ake haɗawa da danƙo. Wadda ta fi sauƙi ita ce T-bucket, ɗan bodi mai kujera biyu da injin a buɗe, wadda motar wani mai haɗa motoci, Norm Grabowski, ta yi wa suna a ƙarshen shekarun 1950. Speedway Motors na garin Lincoln a Nebraska, wanda Bill Smith ya kafa a 1952, yana cikin masu sayar da irinta. Brookville Roadster na Ohio kuwa da ƙarfe yake buga bodin Ford na 1932. Factory Five Racing na Wareham a Massachusetts, wanda aka kafa a 1995, ya fara da kwaikwayon tsohuwar motar gudu mai suna Cobra, sannan a 2008 ya fitar da hot rod mai siffar Ford ta 1933.

Abin da ke zuwa da abin da ba ya zuwa

Yawanci kamfani kan turo shasi da aka riga aka yi wa walda, bodi, kayan sitiyari, birki, tankin mai, lagireto, wayoyi da littafin umarni. Inji, giyabos, tayoyi, batir da fenti kuwa na mai mota ne. Wannan ne ke yaudarar sabon shiga, domin farashin da ya gani a talla wani ɓangare ne kawai na kuɗin da zai kashe. Wasu kan sayi tsohuwar mota su ciro mata inji da aksul ɗin baya, kamar yadda Factory Five ya tsara motarsa ta farko a kan kayan Ford Mustang na 1987 zuwa 1993. Wasu kan sayi sabon inji dungurugum a cikin akwati. Ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda ya fara fitowa a 1955, musamman mai lita 5.7, ya daɗe yana mamaye harkar saboda araha da yawan kayan gyara, ko da yake masoya Ford na ganin sanya shi a bodin Ford a matsayin abin kunya.

Yadda aikin ke tafiya a gida

Aikin farko ba shi da armashi: buɗe kwalaye da duba kowane noti da takardar lissafi, domin abin da ya ɓace gara a gano shi yanzu. Yara ƙanana sun fi kowa amfani a nan. Daga nan a ɗaga bodi a ajiye gefe, aikin da ke bukatar mutum uku ko huɗu, a ɗora shasi a kan sandunan tokara. A motocin Factory Five akwai faranten alminiyam masu yawa da ake hudawa a kafe su da ribit ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa, kuma wannan ne aikin da matasa kan karɓa, tunda kuskure a cikinsa ba ya kashe kowa. Bututun birki da na mai sai babba, haka ɗaure manyan notuna da sufana mai auna ƙarfi, a ɗiga wa kowanne alamar fenti don a san an gama da shi.

Ɗaura ƙarfe a kan ƙarfe yana sauri, har mutum ya ɗauka ya kusa gamawa. Ranar da aka fara tayar da inji, da ranar da aka zaga unguwa da shasi tsirara ba bodi, su ne bukukuwan aikin. Bayansu ne tafiya ke yin nauyi. Wayoyin lantarki na cin makonni ba tare da an ga wani canji a ido ba. Bodin faiba kuma ba ya zuwa a shirye: akwai layukan zubi da za a goge, ƙofofi da banet da za a datse har tazararsu ta daidaita, sai cike da guga, a sake cike a sake guga. Iyalai da yawa kan miƙa wannan ga masu fenti, kuma kuɗinsa kan yi yawa. Motocin da aka yasar rabi da rabi a gareji, da yawa a wannan gaɓa suka tsaya, lokacin da yaran suka tafi jami'a ko aljihu ya huce. Factory Five kuwa ya haɗa kai da kwalejin Mott ta jihar Michigan, inda ake koyar da haɗa motar cikin kwana uku kafin mutum ya taɓa tasa.

Haɗari

Ba a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ƙurar faiba na cutar da huhu da fata, don haka sai da takunkumi da tabarau. Motar da aka gama kuwa ba ta da nauyi, injinta na da ƙarfi, kuma yawanci ba ta da jakar iska ko na'urar hana santsi, abin da ya sa iyaye da dama ke jinkirta ba yaron da ya taya su aiki makulli.

Rajista

A Amurka kowace jiha da dokarta. Kamfani kan ba da takardar shaidar asalin kaya, mai mota ya haɗa da rasit ɗin inji da giyabos don nuna ba na sata ba ne, jami'ai su duba su ba da lambar shasi. Wasu jihohi kan yi wa motar rajista da shekarar da take kwaikwaya, abin da ke sauƙaƙa gwajin hayaƙi. Kalifoniya na ba motoci 500 kawai irin wannan sassauci a shekara a ƙarƙashin dokar SB 100. A Birtaniya, inda motocin haɗi irin su Lotus Seven ta 1957 suka daɗe, sai mota ta ci gwajin lafiyar mota na hukuma da ake kira IVA, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009, kafin ta hau titi.